Hannun Stevie Wonder a kan ganga

Ɗana, ka ce ka ji an ce Stevie Wonder, mawaƙin nan na Amurka, shi ne ya kaɗa ganga a waƙar Superstition, kuma kana tambaya ko gaskiya ne, ko dai sunan mai waƙa kawai aka liƙa wa aikin wani. Gaskiya ne. A kundin Talking Book na 1972 shi ya kaɗa gangar, shi ya buga kilabinet, wato abin kiɗa mai madannai irin na piyano da mutane da yawa ke zaton jita ce, shi ya yi bes, wato sauti mai kauri na ƙasa, da na'urar kiɗa ta lantarki mai suna Moog. Masu busa biyu kaɗai aka kawo, Steve Madaio da Trevor Lawrence. A kundin Innervisions na 1973 ma, duk kayan kiɗan da ka ji a waƙoƙin Higher Ground da Living for the City hannunsa ne, ana ɗauka ɗaya bayan ɗaya a kan tef. Muryarsa ce ta rufe wa jama'a kunne, amma makaɗa sun daɗe da sanin darajarsa.

Saurari farkon waƙar, kafin kowane kayan kiɗa ya shigo. Saurinta wajen bugu 100 ne a minti. Babbar gangar ƙafa tana taka ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ƙaramar ganga mai wayoyi a ƙasa tana faɗowa a biyu da huɗu. Wannan ko ɗan koyo zai iya. Gwanintar tana hannun dama, a kan farantan tagulla biyu da ake matsewa da ƙafar hagu, wato hai-hat.

In ka raba bugu ɗaya gida huɗu, makaɗin makaranta zai ba kowane gida tsawo ɗaya. Mai kiɗan jaz zai ja na farko ya ninka na biyu. Stevie yana tsakiya: na farko ya ɗan fi tsawo, na biyu ya ɗan makara, kamar tafiyar raƙumi da kaya. Kuma ba ya maimaita salo ɗaya sau biyu a jere. Nan ya ƙara bugu, can ya bar gurbi, wani wuri ya danna da ƙarfi. Dalili shi ne waƙar gaba ɗaya tana kansa yayin da yake kaɗawa. Ya san inda murya za ta ja numfashi, ya san inda kilabinet zai cike, sai ya bar musu hanya. Makaɗin haya yakan bi takarda ne ko umarnin mai waƙa, shi kuwa babu wanda ya tsaya tsakaninsa da waƙar.

Ga yadda za ka koya. Sa na'urar ƙidayar bugu a 70. Fara da ƙafar dama a babbar ganga da hannun hagu a ƙaramar kaɗai na minti biyar, har su zauna. Sannan shigo da hannun dama, bugu biyu a kowane taki. Kafaɗar sanda a gefen faranti don bugun mai nauyi, bakin sanda a samansa don mara nauyi. In wannan ya zauna, ƙara ɗan bugu na uku kafin biyu da kafin huɗu, ka bar shi ya makara kaɗan. Kada ka ƙara sauri sai ka yi minti uku ba tuntuɓe, kuma biyar-biyar za ka riƙa ƙarawa har ka kai 100. Daga nan kashe na'urar, ka rera waƙar da bakinka kana kaɗawa. Wannan matakin ne yara ke tsallakewa, alhali shi ne aikin.

Matsala ta farko damƙar sanda. In ka matse ta da dukan yatsu, wuyan hannu ya sandare, bugun ya fito daidai wa daida, rangajin ya mutu. Riƙe da babban yatsa da manuniya, sauran su tallafa kawai. Ta biyu ƙafar hagu: in ta yi sako-sako, farantan za su yi ta shuu, ƙananan bugun su nutse. Matse su sosai, ka sassauta kaɗan sa'ad da kake son ƙara. Sai biyu da huɗu, inda ƙafa da hannun hagu ke haɗuwa. In ɗaya ya riga ɗaya, za ka ji "faram" maimakon "fam". Ɗauki kanka da waya ka saurara, domin lokacin da kake kaɗawa kunnenka ba zai kama ba.

Sautin ma busasshe ne, irin na ɗakin ɗaukar waƙa na shekarun 1970. Sa matashin kai cikin babbar ganga ya taɓa fatar da ake duka, ka ɗora ƙyalle ninki biyu a gefen ƙaramar, ka ɗan sassauta fatarta ta sama. In ka bar gangunan suna amo mai tsawo, guraben da ka bari za su cike da ƙugi, kuma ba wanda zai ji abin da hannun damanka ke yi.