Amsa ga mai tambayar ko za a iya jan intanet ta rediyon oba-oba

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na ga tambayarka, ka ce garinku babu sabis sai an hau tudu, kana da oba-oba guda biyu da tsohuwar laftof, kuma ka ji ana cewa ana iya tura intanet ta rediyo, shin za ka iya yin WhatsApp da shi. To bari in faɗa maka gaskiya tun da wuri kada ka ɓarnatar da kuɗinka: ana iya haɗa kwamfuta biyu su yi magana da IP, wato tsarin da intanet ke aika saƙo da shi, ta rediyo, ni da kaina na yi, amma WhatsApp ka cire shi a ranka kawai.

Dalili na farko gudu. Fakit rediyo, wato tura data ƙunshi-ƙunshi ta rediyo, wanda aka saba yi a kan mita 2, wato wajen megahaz 144 zuwa 146, yana tafiya ne da bit 1200 a daƙiƙa, ka raba da takwas ka ga bayit 150 ke nan. Hoto ɗaya mai megabayit 1 zai ci kusan awa biyu, wannan ma idan ko ƙunshi ɗaya bai faɗi a hanya ba, kuma wallahi sai ya faɗi. Ga shi rediyon ba ya ji yana magana a lokaci guda, sai ɗaya ya gama ɗayan ya amsa. Dalili na biyu doka, mitocin 'yan sha'awar rediyo, wato masu yin rediyo don sha'awa kawai, irin wannan mita 2 ɗin, ba a yarda a ɓoye saƙo a kansu ba kuma ba a kasuwanci, shi kuwa WhatsApp da kusan duk shafukan yanzu a kulle saƙonsu yake tafiya. Sannan sai kana da lasisi da lambar kira, namu na Najeriya da 5N suke farawa, na Nijar 5U. Lambar nan ba ado ba ce, ita ce adireshinka a tsarin AX.25, wato ƙa'idar da fakit rediyo ke bi, duk ƙunshin da ya fita yana ɗauke da ita.

Yanzu ga yadda muka yi ni da wani abokina, tsakaninmu bai kai kilomita 20 ba. Kowa da ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi mai Linux, ƙaramin katin sauti na USB, da manhajar Direwolf wadda take maye gurbin akwatin TNC, mai mayar da data sauti da sauti data, wanda a da mutane suke saya da tsada. Direwolf ɗin ya ba ka KISS, wato hanyar da kwamfuta ke magana da TNC, ka rubuta lambar kiranka a fayil ɗin axports, ka ba da umarnin kissattach, sai ga ax0 ya bayyana kamar katin netwok, ka ba shi adireshi. A takarda abin minti goma ne. Mu sati uku muka yi.

Kuma ka san me ya cinye satuttukan? Ba IP ba ne, sauti ne. Ni na ɗauka idan na ƙure murya zai fi kai wa nesa, ashe murƙushe sautin nake yi, ga ƙarar tana isa raɗau a kunne kamar kukan gyare amma kwamfutar abokina ko harafi ɗaya ba ta fassara ba. Sai da na yi ta ragewa yana kallon lambar ƙarfin sauti da Direwolf ke nunawa yana faɗa min ta waya, yana tsaye a inda sabis ke kamawa, har ta sauko wajen 50, nan take layuka suka fara zubowa. Sai kuma TXDELAY, wato ɗan jiran da ake yi bayan an danna rediyo kafin data ta fara fita. Ƙananan oba-oba masu araha suna da nawa wajen tashi, idan ka gajarta jiran sai kan ƙunshin ya yanke, mu a milisakan 300 muka fara muka ɗan ƙara. Ka kashe tsarin adana batir na rediyon, ka buɗe sikwelc mai toshe shuuu, kada ka dogara da VOX mai danna rediyo da jin sauti, ka haɗa wayar PTT, wato ta maɓallin magana, ta gaske. Eriya kuwa ka ɗaga ta sama iya ƙarfinka, mu gora muka ɗaura a jikin tankin ruwa, ta fi ƙarin wat amfani nesa ba kusa ba.

Shawarata kada ka taɓa IP sai kun iya haɗuwa da AX.25 zalla kuna rubuta wa juna. Bayan nan ka bar MTU, wato iyakar girman ƙunshi, a 256, ka yi ping, wato ɗan saƙon gwaji, ka jira, daƙiƙa biyu uku kafin amsa ta dawo ba matsala ba ce.

Ga kuskuren da ya fi ba ni haushi. Ranar da ping ya fara aiki na kwanta da murna, da asuba na tarar rediyo ya yi zafi kamar dutsen guga batirin sola ya mutu. Ashe Linux ɗin yana ta aika surutunsa na neman maƙwabta ta ax0 dare guda, kowane ƙunshi sai ya danna rediyo. Don haka ka kashe avahi, manhajar neman maƙwabta, a wannan layin, kada ka sa babbar hanyar da kwamfuta ke fita intanet ta bi ta nan, ka toshe komai sai abin da ka yarda da shi.

Maganar adireshi, 'yan sha'awar rediyo suna da nasu adireshin IP masu farawa da 44 tun 1981, ana ce masa AMPRNet, ƙungiyar ARDC ke kula da shi, a 2019 ma ta sayar wa Amazon kashi ɗaya cikin huɗu. Mai lasisi yana iya nema, amma ku biyu kacal ba ku buƙatarsa tukuna, ku sa 10.0.0.1 da 10.0.0.2 ku wuce wurin. Shi wannan sha'ani na IP ta rediyo wani ɗan sha'awar rediyo Phil Karn ne ya yaɗa shi da manhajarsa KA9Q tun shekarun 1980, jikarta JNOS har yau ana amfani da ita.

Abin da zai yi maka aiki sosai shi ne gajeren rubutu, hirar rubutu ta telnet, akwatin saƙo, imel ta Winlink, wato tsarin imel ta rediyo. Idan kuwa burinka mutanen gari su samu intanet na gaske, kuma akwai tudun da yake hango inda sabis yake, to ka nemi faranta biyu na WiFi mai dogon zango su kalli juna, wannan wani layi ne daban. Faɗa min irin oba-obar da ke hannunka da nisan da ke tsakaninku in ga ko za ta ɗauka.