Yaya, ga dalilin da ya sa na sayi allunan zamiya na hannu

Yaya, barka da war haka. Na ga saƙonka a ƙarƙashin hoton da na turo na kan dutse, kuma na fahimci tambayar biyu ce a haɗe. Ta farko, me ya kai Bahaushe hawan dutse cikin dusar ƙanƙara da alluna a ƙafa. Ta biyu, wadda ka fi jin nauyin faɗa, ko hannuna ya yi ƙasa ne da har na koma sayen kayan da wani ya gama amfani da su. Lafiya lau nake, alhamdu lillahi, aiki na tafiya.

A nan Norway sayen na hannu ba alamar rashi ba ce. A gida mutum kan je Ƙofar Wambai ya ɗauko gwanjo mai kyau, amma ba kowa ke son a san daga ina rigar ta fito ba. A nan kuwa likita da direban bas duk shafi ɗaya suke dubawa a intanet, Finn, kuma mutum da bakinsa zai gaya maka nawa ya saya, yana jin daɗin ya yi dace. Da kaka ta kama, ƙungiyoyin wasanni kan sa ranar musayar kaya, iyaye su kawo abin da ya yi wa 'ya'yansu kaɗan su ɗauki na gaba. Akwai ma ƙungiyar BUA da ke ba da aron kayan wasa kyauta a garuruwa da yawa. Mu 'yan tsirarun Hausawa da ke arewacin ƙasar, da 'yan uwanmu na Nijar da Gana da Sudan da muke haɗuwa a masallaci, wannan ɗabi'ar ta shige mu da wuri, don dama mun saba da ƙani ya gaji rigar wansa. Takalman zamiya guda sun ratsa gidaje uku a cikinmu.

Yara ne suka ja mu zuwa zamiya a kan dusa. Makaranta na da ranar da ake fita da su zamiya, kuma yaron da bai iya ba shi ake bari a baya. Sannan ga duhu. A Tromso, garin da muke, rana kan ɓace daga ƙarshen Nuwamba har tsakiyar Janairu, ba a ganin ƙwayarta sam, sai wani shuɗin haske na 'yan sa'o'i da tsakar rana. Wanda ya kulle kansa a ɗaki ya jira bazara, zuciyarsa ce ke fara ciwo kafin jikinsa. Na gwada shekara biyu, ban ji da daɗi ba. Mutanen nan maganinsu fita waje, kuma dokar ƙasa tun 1957 ta tabbatar wa kowa damar shiga daji da dutse ko da filin wani ne, muddin ba gona ko harabar gida ba.

Abin da ka gani a hoton su suna ce masa topptur, wato hawa ƙololuwar dutse da ƙafarka, ba da injin da ke ɗaga mutane ba, sannan ka zamo ƙasa. Allunan sunansu ski, amma a bakin mutanen nan "shi" za ka ji. A ƙasan kowane allo ana manna wani ƙyalle mai gashi, a can baya da fatar dabbar ruwa ake yi, yanzu gashin akuya ne da leda. Gashin a kwance yake ta gefe ɗaya, don haka allo na tafiya gaba amma ba ya silalewa baya. Yayin hawa, yatsu ne kawai ke maƙale, diddige a sake yake. In ka kai sama sai ka ɓare ƙyallen, ka kulle diddige, ka sauko. Dutsen da ke kallon garinmu, Tromsdalstinden, tsawonsa mita 1238 ne, kuma kusan daga bakin teku ake farawa. Ka tuna yadda muke haki a matakalar Dala, sai ka mayar da abin na sa'o'i uku ko huɗu.

To a nan na yi kuskuren da ya sa nake yawan magana a kan sayen nan. Allunan farko da na saya masu faɗi ne, irin waɗanda aka ƙera don dusa mai laushi da ke kai wa gwiwa, faɗin tsakiyarsu milimita 115. Arha ce ta ruɗe ni, ga su da kyan gani. Mai sayarwa bai ɓoye mini komai ba, ni ne ban san abin da zan tambaya ba. Faɗi nauyi ne, kuma nauyin da ke ƙafa sau dubbai kake ɗaga shi kafin ka kai sama. Ƙari a kan haka, dusar nan mai laushi ba kullum ake samunta ba. Kusa da teku muke, iska na daddale ta, wani lokaci ta yi ɓawo kamar ƙanzo, kuma allo mai faɗi ba ya son kama gefe a wuri mai tauri, gwiwa ce ke biya. Bayan hunturu ɗaya na sayar da su na nemi masu faɗin 95. Duk wanda ya zo mini yanzu daga cikinmu, tsakanin 88 da 100 nake ce masa ya nema, ya bar masu faɗin sai ya san kansa a kan dutse.

Duba na hannu kuwa kamar duba mota ne, ba a saye da hoto. Takalmi ake fara nema, don shi ke yanke hukunci: dole ya zama mai ramukan ƙarfe a gaba inda maƙali, wato abin da ke riƙe takalmi a kan allo, ke kamawa, kuma ya dace da ƙafa, in ba haka ba kanta ce tun a sa'ar farko. Sai ka tafi da takalmin wurin mai alluna, saboda an huda allon an ɗaura maƙalin ne daidai da tsawon takalmin mai shi na da, kuma ɗan abin da yake matsawa ba shi da yawa. In bai dace ba sai an sake huda, allon da aka huda sau uku kuwa ni ba na ɗauka. Ina bin ƙarfen gefe da yatsa ko akwai karaya, in duba ƙasa ko dutse ya yanka har cikin itace, in lanƙwasa allon in ji ko da sauran ƙarfi, in leƙa baki da wutsiya ko sun fara ɓarewa. Ƙyallen hawa in ya zo tare, riba ce, don an riga an yanka shi daidai faɗin, sai dai a taɓa gam ɗin a ji ko yana kamawa.

Akwai abin da ba mu saye a hannu, kuma wannan mun yi ittifaƙi a kai. Dusar ƙanƙara na zaftarewa, musamman a gangaren da ya kai digiri 30 ko ya wuce, ta binne mutum. A Janairun 2019 mutum huɗu suka rasu haka a Tamokdalen, ba nisa da mu sosai. Wanda aka binne, mintuna goma sha biyar na farko su ne damarsa, kuma abokan tafiyarsa ne kaɗai ke kusa. Shi ya sa kowa ke ɗaure wata na'ura a jiki mai aika sigina, da shebur na ƙarfe da doguwar sanda mai naɗewa a jaka. Na'urar sabuwa na saya, da kuɗin da na rage a kan alluna, ragowar na biya kwas ɗin sanin dusa. Kowace safiya kafin fita muna duba Varsom, inda hukuma ke bayyana haɗarin ranar daga mataki 1 zuwa 5. In ya kai 3, mu sababbin shiga muna tsayawa a shimfiɗaɗɗen wuri ko mu fasa. Ka gaya wa Inna wannan da kyau, na san ita ce ta sa ka tambaya. Cikin ƙa'idodin dutse da ake koya wa yaran nan akwai cewa juyowa ba abin kunya ba ne, kuma mun juyo ba sau ɗaya ba.

Salla ba ta wuce mu. Da alwala muke fita daga gida, in lokaci ya yi a shimfiɗa riga a kan dusa, waya ta nuna alƙibla. A jakata akwai dabino da shayi mai citta da kanumfari, abokanmu 'yan ƙasa kuma da lemo da cakulan, mukan yi musaya a sama. In Allah ya kawo ka, ka zo a Afrilu, lokacin rana ta dawo da tsawo, sanyi ya sassauta. Lambar takalminka kawai za ka turo mini tun da wuri in fara dubawa.