Masu ilminmu na Sudan, ina suke tafiya?

Wa alaikumus salam ɗan uwa na Kano. Tambaya biyu ka haɗe wuri guda, wai mu ma Hausawan Sudan likitocinmu da injiniyoyinmu suna ficewa waje kamar naku, sannan in ficewar za su yi me ya hana su dawo Kano ko Sakkwato tunda jini ɗaya ne.

Ta biyun ba ta da tsawo. Mu fa nan ne gida. Wasunmu kakanninsu sun biyo Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa Maiurno a bakin Nilu kusa da Sinnar, wasu kuma maniyyata ne masu zuwa Makka a ƙasa suka yada zango a Gadarif da Kasala da Madani don neman guzuri, zango ya zama gari. Yaron da aka haifa anan da Larabci ya yi karatu, takardunsa na Sudan ne, Kano a wajensa labarin kaka ce. Toh in zai fita Saudiyya yake kallo ko Katar ko Oman, mai ƙoƙari sosai ya wuce Ingila ko Ayalan.

Amma abinda nake so ka gane shine yadda ake samar da likita ɗaya a cikinmu, don ba kamar ku bane, mun makara a boko ƙwarai. Iyayenmu makarantar allo suka sani da gona, tsinkar auduga a Jazira, yankan riɗi da dawa a Gadarif, su a kogi, ga kuma wahalar da da yawa suka sha kafin a ba su takardar zama ɗan ƙasa duk da anan aka yanke musu cibiya. Shi yasa ran da yaro ya samu shiga likitanci a Jami'ar Khartum ko ta Jazira, ba na babansa bane shi kaɗai. Mata su ware masa ɗauka a adashi, kawunsa mai gasa agashe a bakin kasuwa ya ce kuɗin mota nasa ne, inna mai tallan gyaɗa ta ƙulla 'yan canji a bakin mayafi ta miƙa masa ran komawa. Wlh ba ƙari nake ba, haka ake yi.

Kuma in ya gama ya ce zai tafi ba mai zaginsa, da albarka ake sallamarsa, don kowa ya san albashin nan ba ya riƙe gida. Sai dai akwai nauyin da ba a rubuta ba amma kowa ya san shi: zai ɗauki karatun ƙane ko ɗan ɗan'uwa har ya gama, zai gyara wa iyaye ɗaki, zai kai su Hajji. In ya zo hutu da jaka guda ta magani yake zuwa, bayan la'asar a shimfiɗa tabarma a zaure tsofaffi su yi layi, wannan hawan jini wannan ciwon suga, yana awo yana musu bayani da Hausa, don akwai tsohuwar da ba za ta iya faɗa wa baƙon likita inda ke mata ciwo da Larabci ba. Kyauta. Wata guda ya cika ya koma.

Nan ne ni zuciyata ba ta kwanta ba, domin kuɗin da ake aikowa ba ya duba mara lafiya. Akwai wani ciwo da ke cin manomanmu ana ce masa madura, ƙaya ce kawai za ta soki mutum a gona, ƙafa ta yi ta kumbura shekara da shekaru tana fitar da wasu ƙwayoyi kamar tsabar gero, ƙarshe in an makara sai yankewa. Farfesa Ahmad Hasan Fahal bai gudu ba, ya zauna ya kafa cibiyar binciken wannan ciwo a Soba, Khartum, a 1991, har ta kai duniya ke zuwa koyo a wajensa, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa ciwon cikin cututtukan da aka yi watsi da su a 2016. Ka ga amfanin masani ya zauna inda ciwon yake. Sai yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, aka wawashe cibiyar, malaman jami'a suka watse, Madani da ke ɗauke da cibiyar binciken noma ta ƙasa ita ma ta faɗi a ƙarshen shekarar. Yanzu mutumin da aka kwashe masa na'urori, ba wuta ba albashi, 'ya'yansa ba makaranta, da wane baki za ka ce masa ya zauna?

Na ji a 2023 an kai ƙuduri majalisarku ta Najeriya na hana likita cikakken lasisi sai ya yi shekara 5 a gida. Ni dai ban yarda da shi ba. Mu ma akwai bautar ƙasa ta dole anan, ana gamawa ake neman biza. Masani kayan aiki yake so da wutar da ba ta ɗaukewa da albashin da zai kai ƙarshen wata, da kuma a daina ɗora masa wanda bai kai shi sani ba don ɗan wane ne. Ku kuna da jami'o'in Bayero da ABU suna tsaye ba a harba musu bam ba, dan Allah ku matsa wa gwamnatocinku kan waɗannan.

Mu kam a unguwarmu dattawa na ta shawarar duk wanda jama'a suka karantar ya yi shekara biyu a asibitin ƙauye kafin ya fita. Matasa ba su ƙi ba, tambayarsu wa zai biya albashi kuma da wane kayan aiki, har yanzu dai ba a daidaita ba.