Jaririna ya zo da hannu a lanƙwashe, karaya ce ko me?

Tambaya: Assalamu alaikum likita, dan Allah sati uku kenan da na haihu, hannun yaron na dama daga tsintsiya ya karkace wajen babban yatsa, shi kuma babban yatsan ɗan tsiriri ne reto kawai yakeyi. Surukata tace ungozoma ce ta karya shi wai a kai shi gurin mai ɗori. Ya zanyi?

Amsa: Wa alaikumus salam, barka da sauka lafiya, Allah ya raya shi. Sai an ga yaro an yi hoton ƙashi za a tabbatar, amma yadda kika kwatanta ɗin nan bai yi kama da karaya ba, karaya bata sirantar da babban yatsa. Kar a kai shi gurin mai ɗori dan Allah, da alama ba abin da ya karye balle a ɗora, wahalar da yaro kawai za ayi.

Kinga tsakanin gwiwar hannu da tsintsiya ƙashi biyu ne jere, radiyos a ɓangaren babban yatsa, alna a ɓangaren ƙaramin yatsa. To idan radiyos ɗin ya zo gajere ko babu shi gaba ɗaya sai tafin hannu ya rasa madogara ta wannan gefen ya faɗa can, kamar rumfar da aka cire wa ƙafa ɗaya. Tun tsakanin sati na 4 zuwa na 8 na ciki abin ke faruwa, lokacin wata ma bata san tana da cikin ba, saboda haka ba laifinki bane ba na ungozoma bane. Kusan rabin yaran da ake haifa da wannan matsalar ma hannu biyun take shafa.

Ni abin da yafi damuna ba hannun bane, abin da ido baya gani ne, domin a satittikan da hannu ke tsirowa a nan zuciya da ƙoda suke haɗuwa, shi yasa sau da yawa abin baya zuwa shi kaɗai. Cikin cututtukan da yake zuwa tare da su akwai Holt-Oram mai zuwa da huji a zuciya, akwai wanda ke rage ƙwayoyin da ke tsayar da jini, akwai Fanconi wanda ɓargo ke gazawa kuma shi yakan yi shiru sai yaro ya yi shekaru kafin ya nuna kansa. Don haka ki nemi ayi masa hoton zuciya, sikanin ƙoda, hoton ƙashin baya da gwajin jini, waɗannan su ne gaba da komai.

Hannun kuma yanzu ake farawa tun jijiyoyi na da laushi, masu gashin ƙashi zasu koya miki yadda zaki riƙa miƙar da shi a hankali duk sanda kika canza masa famfas, su sa masa ɗan takalmin hannu. Tiyatar da ake daidaita tafin hannu a kan alna yawanci wajen shekara 1 akeyi, in babban yatsan bashi da amfani daga baya a juyo manuniya ta koma gurbinsa, kuma yara na riƙe biro da ita lafiya lau. Amma gaskiya hannun zai tashi gajere akan ɗan'uwansa kuma karkacewar takan ɗan dawo yana girma. In gwiwar hannun bata lanƙwasuwa ma wani lokacin ba a miƙe tsintsiyar, don da karkacewar yake kai abinci baki.

In kina kusa da Kano ki fara da asibitin ƙashi na Dala, in ba haka ba asibitin koyarwa mafi kusa dake. Ki tafi da katin awonki da duk maganin da kika sha farkon ciki, musamman in akwai na farfaɗiya irin su balfurowet, kuma ki faɗa musu in akwai mai irin hannun ko ciwon zuciya a danginki ko na babansa.