Baƙi bakwai, katifa ɗaya: yaya zan yi da shimfiɗa?

Tambaya: Assalamu alaikum Hajiya. A Talladje nake, nan Yamai. Dangin maigidana mutum bakwai za su zo suna daga Tahoua cikin watan Janairu, kwana uku za su yi a wurinmu. Har da uwar mijina, ga ta da ciwon gwiwa. Ɗaki biyu da falo gare mu, katifar da ba a kwana a kanta kuma ɗaya ce tak. Sayen sababbi ya fi ƙarfina. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kwantar da hankalinki, abin bai kai nan ba. Na daɗe ina ɗinkin katifa da matashi, kuma abin da na lura ya fi hana baƙo barci a irin wannan lokaci shi ne sanyin da ke tasowa daga daɓen siminti wajen asuba, sai sauro. Taurin ƙasa mai sauƙi ne, yawancinmu a kan tabarma muka tashi.

Fara da Inna. Na san ko kin roƙe ta ba za ta hau gadon ɗanta ba, kunya ba za ta bar ta ba. To katifar nan ɗaya tata ce, amma kada ki ajiye ta a ƙasa. Mai ciwon gwiwa, tashi daga ƙasa da tsakar dare azaba ne. Ki ɗora ta bisa gadon yara, ko ki aro gadon ƙarfe a maƙwabta, ki sa shi kusa da ƙofa, ki aje mata buta da tocila inda hannunta zai kai.

Sauran kuma shimfiɗa hawa-hawa za ki yi musu. Je wurin mai shago ki karɓo manyan kwalaye, ki warware su, ki cire ƙusoshin da ke jiki, ki shimfiɗa biyu-biyu. Kwali ne zai tare sanyin daɓe. A kansa sai tabarma, in da hali ta kaba, don ta roba sanyi take ɗauka, kuma tana zamewa a kan tayil. Sannan bargo ninki biyu ko darduma mai kauri, a rufe da zane wankakke. Mutane sun saba tara barguna a sama su bar ƙasa fayau, alhali bargo ɗaya a ƙarƙashin mutum ya fi masa amfani.

Matasan kujerun falo ma katifa ce. Jera uku a jikin bango, ki naɗe su tamau da zanen gado, ki cusa bakinsa ta ƙasa don kada su rabu cikin dare. Sai dai ban da jariri a kansu, yana iya zurmawa tsakani ya kasa numfashi. Shi shimfiɗa mai tauri kusa da uwarsa. Matashin kai kuwa, linke tsofaffin zannuwa ki zura cikin rigar filo. In kina da ɗan abin hannu, leƙa kasuwar Katako ki sayo siririn soso, ana naɗe shi a jingine bayan ƙofa har wani zuwan.

Kada sanyi ya ruɗe ki game da sauro, a Yamai raguwa yake yi, ba ya ƙarewa. Ɗaura igiya biyu daga bango zuwa bango, ki rataya sange a kai, a cusa gefensa ƙarƙashin tabarma. In sabo ne mai magani, ki baza shi a inuwa awa 24 kafin a shiga, in ba haka ba yana sa ƙaiƙayin fuska.

Abu ɗaya nake roƙonki: kada a shiga da garwashi ɗaki a rufe ƙofa don jin ɗumi. Iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari, tana kashe mutum cikin barci. A ji ɗumi a tsakar gida, a kashe wutar a can.

Ana gobe za su iso, shanya barguna a rana ki kakkaɓe ƙurar hunturu. Mutanen da suka sha tafiyar sama da kilomita 500 ta Konni da Dosso, da sun ci abinci sun yi Isha'i kwanciya za su nema, don haka ki gama shimfiɗa tun kafin magariba.