Koyar da dabarun numfashi a ƙauyukan Mai Wurno

Malama, kin tambayi yadda za ki koya wa ma'aikatan lafiya na ƙauyukan Mai Wurno, a jihar Sennar ta ƙasar Sudan, dabarun numfashi alhali babu kayan aiki. Ki sa su fara gwadawa a jikinsu. Kowa ya ɗora hannu a kan cikinsa, ya shaƙi iska ta hanci yana ƙirga biyu har cikin ya taso, sannan ya tsuke leɓe ya fitar da ita yana ƙirga huɗu, kamar mai hura shayi. Kuskuren da na fi gani shi ne ɗaga kafaɗu da kuma yin numfashi da gaggawa, har jiri ya kama mutum. Ki jaddada musu cewa wannan ba ya maye gurbin maganin asma na shaƙa. Mai tarin jini, ko tarin da ya wuce mako biyu, a tura shi asibiti a Sennar.