Sabon zanen diragon a Dungeons & Dragons

Ka tambaya ko sabon zanen dodannin diragon da kamfanin Wizards of the Coast ya fitar a 2024, lokacin cikar wannan wasan tebur na kwaikwayon jarumai shekara 50, ya fi tsohon kyau. A ganina ya fi, sai dai siffofin da Todd Lockwood ya zana wa bugu na uku na wasan a 2000 sun daɗe har sun zama jiki ga 'yan wasa, shi ya sa sauyin ya sosa ran wasu. Diragon mai launin zinariya ne ya fi burge ni, domin an miƙar da jikinsa tamkar maciji, ana gane shi ko daga inuwarsa. Jan kuwa bai yi nisa da kamanninsa na dā ba.